Miyau: Abin Da Ake Mantawa Da Shi A Jinyar Ciwon Dajin Baki

Makiyayin da ciwon daji ya kama a muƙamuƙi ko a ganɗa, in daga Tenhya ya taso a arewacin Damargu ta ƙasar Nijar, neman maganinsa zango-zango ne kamar tafiyar ayarin da. Zai sauko Tanut, ya ƙara kamar kilomita 150 zuwa Damagaram inda babban asibiti yake, in kuwa likitoci suka ce sai an gasa wurin da haske, to sai Yamai, wata tafiyar ta kusan kilomita 900. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke can ta soma wannan gashi ne a 2021, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai dai a fitar da mutum Maroko ko Tunisiya ko Faransa, ko ya tsallaka Najeriya ya bi layi a Zariya ko Sakkwato. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya kammala, ya dawo gida an cire ƙarin, an sa masa roba a inda aka yanke, dangi sukan cika shi da barka da arziki, kuma sun yi daidai. Bayan mako biyu ko uku ne ake lura cewa butar ruwa ba ta barin hannunsa, yana juya lomar tuwo a baki ba ta wucewa, ya rage magana a majalisa, robar nan da aka sha wuya kafin a samu kuwa ta koma cikin aljihu. Abin da ya same shi shi ne bushewar baki. A ganina wannan bushewa tana cikin jinyar tun ranar farko, kuma duk tsarin maganin da bai sa ta a lissafi ba kafin a kunna na'ura, ya bar aikinsa rabi.

Ganɗa ita ce katangar da ta raba baki da hanci. Idan aka yanke wani sashe nata tare da muƙamuƙin sama, sai a bar rami wanda ruwa da kunu za su bi su fito ta hanci, murya kuma ta koma ta hanci har a kasa gane me mutum yake faɗi. Don haka masu aikin haƙori suke ƙera wani marfi na roba mai tauri, irin wadda ake haƙoran roba da ita, wanda zai toshe ramin, sau da yawa da haƙora a jikinsa. Dabarar tsohuwa ce. Likitan Faransa Ambroise Paré ya bayyana irinta tun a ƙarni na 16. A 1893 an yanke wa shugaban Amurka Grover Cleveland wani ɓangare na muƙamuƙin sama a asirce cikin jirgin ruwa, aka yi masa marfi na roba, ya ci gaba da jawabi har yawancin jama'arsa ba su tabbatar da labarin ba sai a 1917. A lokacin aikin nasa ba a ma gano hasken da ake gashi da shi ba, wato da cikakken miyaunsa ya sa marfin. Sigmund Freud kuwa, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana, an soma yi masa aiki a 1923, aka haɗa masa da gashi, ya yi shekara 16 yana fama da marfin da shi da kansa ya laƙaba wa suna dodo, bayan aiki fiye da talatin. Ba za a ɗora dukan wahalarsa a kan bushewa ba, don ciwonsa ya yi ta dawowa, amma bambancin mutanen biyu yana nuna inda ya kamata a duba. Abu uku ne ke riƙe marfi a baki: ƙugiyoyin waya da ke kama sauran haƙora, gefen ramin kansa, da kuma siririn miyau da ke tsakanin roba da nama. Duk wanda ya taɓa ɗaga kofin shayi daga jiƙaƙƙen faranti ya ji farantin yana neman biyo shi, ya san ƙarfin wannan siririn ruwa. A share farantin ya bushe, kofin sai ya yi ta zamewa.

Mutum mai lafiya yana fitar da miyau tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini, ba tare da ya sani ba. Manyan maɓuɓɓugansa shida ne, uku a kowane gefe: babbar tana gaban kunne, ita ce ke kumbura in yaro ya yi hangum, ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙaramar tana ƙarƙashin harshe. Bayan su akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da kumatu da ganɗa. Ta gaban kunne ita ke kwararo miyau mai ruwa-ruwa lokacin tauna, ta ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa ita ke riƙe da danshin baki sa'ad da mutum yake zaune ko yake barci. Kashi 99 cikin ɗari na miyau ruwa ne, amma ɗan ragowar nan shi ne ke aikin: yauƙin da ke sa loma ta sulale, sinadarin da ke kashe tsamin da ke cin haƙori, ma'adinan da ke gyara fatar haƙori kullum, da masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ciwon dajin baki da maƙogwaro yakan buƙaci gashi mai ƙarfi, 60 zuwa 70 a ma'aunin da ake kira girei, ana raba shi kwana biyar a mako har mako shida ko bakwai. Maɓuɓɓugar gaban kunne kuwa, in abin da ya sauka a kanta ya wuce kamar 26, da wuya ta farfaɗo yadda take. Tun a makon farko miyau yakan ragu da kusan rabi, ɗan abin da ya saura kuma ya yi kauri ya riƙa naɗewa kamar zare. Hasken bai san ƙari ba, bai san maɓuɓɓuga ba; duk abin da ke kan hanyarsa sai ya taɓa shi.

Daga nan abubuwa ke jan juna. Marfin da babu miyau a ƙarƙashinsa yana motsi duk lokacin da aka yi magana ko tauna, yana gogar naman da gashi ya riga ya mayar siriri, sai gyambo ya fito. Bakin da ya bushe gida ne ga wata ƙwayar cuta dangin fumfuna, wadda ke yin farin dabbare-dabbare a harshe ko ta sa ƙarƙashin roba ya yi ja yana zafi, kuma tana maƙalewa a jikin robar kanta. Mafi muni shi ne abin da ke samun haƙora. Ruɓewar haƙori ta bayan gashi ba irin wadda aka saba ba ce. Tana zagaye wuyan haƙori daidai bakin dasashi, cikin watanni ta karya shi, har haƙoran gaba na ƙasa waɗanda ba su cika ruɓewa ba. Haƙoran nan kuwa su ne turakun da ƙugiyoyin marfi ke kamawa, in sun tafi marfin ya rasa madafa. Mai ciwon haƙori a karkara abin da ya sani shi ne a cire, amma ƙashin da aka gasa jininsa ya ragu, ba ya warkewa kamar da. Ramin haƙori ɗaya yana iya ƙin rufewa, ƙashi ya fito fili ya mutu, musamman a muƙamuƙin ƙasa, kuma wannan haɗari yana tare da mutum har ƙarshen ransa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar farko kuwa a nan ita ce bushewar da kowa ya raina. Ga wanda aka cire wa hanci ko kewayen ido aka yi masa na roba mai laushi, matsalar ta ƙaru, domin iska tana shiga kai tsaye ta busar da ciki, fatar da aka gasa ba ta jure gam, rana da gumi kuma suna sa robar ta koɗe cikin shekara ɗaya ko biyu.

Littattafan likitanci da suka bayyana wannan hali yawanci an rubuta su ne a ƙasashe masu danshi, inda famfo ke cikin ɗaki. Damargu dabam take. Da hunturu iska tana fasa leɓen mai lafiya ma, da bazara zafi yana haura digiri 40, makiyayi kuma yana iya yini tsakaninsa da rijiya. Abincin yankin ma kamar an zaɓo shi don ya gwada busasshen baki: tuwon gero, cuku, dabino, kilishi, goro, duk sai da tauna da miyau. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, to wannan mutum miyarsa ta cikin baki ce ta ƙare. Sai kuma shayi, wanda a wurin Abzinawa da Fulani da Hausawan yankin shi ne zumunci kansa, dahuwa uku, kowace da sukarinta. Mai busasshen baki yana jin daɗin kurɓarsa don yana jiƙa masa maƙoshi, alhali kowane kofi wankan sukari ne ga haƙoran da ba su da mai ɗauraye su. Tabar da ake dunƙulawa a kumatu da kanwa ko toka kuwa ba ta da wani uzuri, tana ƙona naman, tana kuma kiran ciwon ya dawo. Abu guda ne al'ada ta taimaka da shi: rawanin da ke rufe baki da hanci yana tare ƙura, yana riƙe ɗan danshin numfashi. Sai dai shi ma yana ɓoye ramar mutum da gyambonsa, ta yadda 'yan'uwa ba za su farga ba sai abu ya yi nisa.

Wani zai ce wannan duk ƙorafin ƙoshi ne. A ƙasar da yawancin masu ciwon daji ke isa asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, wa ke da lokacin zancen miyau? Rai aka ceto, sauran sai haƙuri. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a fasa gashi don gudun bushewar baki; da babu gara ba daɗi. Amma masu faɗin haka suna ɗauka cewa rai da miyau abu biyu ne da za a zaɓi ɗaya, alhali a jikin majiyyaci a haɗe suke. Wanda ba ya iya haɗiya yana ramewa tun ana cikin gashi, in ya rame fuskarsa ta sauya har abin da aka auna aka daidaita bai ƙara zama daidai ba, wani lokaci dole a dakatar da gashin, kuma kowane jinkiri yana ba ƙarin damar farfaɗowa. Bayan an gama, mutumin da ba ya ci ba zai bi garke ba, ba zai riƙe hauya ba. Iyalin da suka sayar da raƙumi ko shanu don kai shi Yamai, sun biya ne don ya dawo ya zauna cikin mutane ya ci ya yi magana. In mutuwar ƙashi ta mayar da shi asibiti bayan shekara biyu, kuɗin da za a kashe ya ninka na man goge baki da duban haƙori sau da yawa, a lokacin kuma garken ya riga ya ragu.

Wani kuma zai ce ai magani a fili yake, ya riƙa shan ruwa. Ruwa dole ne, amma danshinsa minti kaɗan ne, don ba shi da yauƙin da zai manne wa nama, ba ya kuma gyara haƙori. Mai kwankwaɗarsa dare da rana sai ya ƙare da tashi fitsari sau biyar, barci ya gagara. Abin da ya fi amfani shi ne kurɓa kaɗan-kaɗan, da kurkure baki sau da yawa da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da aka sa wa ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na hodar bikabonat (baking soda) ta kanti, wadda ba a musanya ta da kanwa. Ɗan man gyaɗa ko man shanu a shafa a dasashi da cikin marfi kafin cin abinci yana rage guga. A nan ma girkin gida yana da abin bayarwa: miyar kuɓewa da ta karkashi da ta kuka suna da irin santsin da baki ya rasa, fura da aka dama da nono ta yi ruwa-ruwa ba sukari tana wucewa inda tuwo ya tsaya. In akwai sauran rai a maɓuɓɓugai, tauna tana tayar da su, shi ya sa ake ba da cingam marar sukari. Lemun tsami da tsamiya da alewa su ma suna kawo miyau, amma suna cin haƙori, ribarsu ba ta kai asararsu ba. Akwai ƙwayar pilokafin, wadda aka amince da ita a Amurka don wannan larura a 1994, ana shan miligiram 5 sau uku a yini. Tana taimakon wasu, amma babban aibinta shi ne gumi, wanda a watan Afrilu a Tanut ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ta dace da mai asma da ba ta lafa ba ko mai wani nau'in hawan jinin ido. Akasin haka, magungunan da ake saya a tebur kamar na mura masu sa barci da taramol suna ƙara busar da baki. Batun azumi kuwa, addini ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma wanda bakinsa ke tsagewa kafin azahar ya cancanci a gaya masa haka a gaban malami da likita, kada kunya ta sa ya cutar da kansa.

Hujja mafi ƙarfi a kan matsayina ita ce ta kuɗi. Gaskiya ne akwai na'urorin zamani da ke lanƙwasa haske su zagaye maɓuɓɓugar gaban kunne. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan majiyyata 94, aka buga sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka gasa ta tsohuwar hanya suna fama da bushewa mai tsanani, a sabuwar hanya kuwa kashi 38 ne. Bayan shekara biyu tazarar ta ƙara faɗi, 83 da 29. Na'urar da Yamai ta fara da ita mai aiki da kobal ce, tana kashe ƙari, amma ba ta da wannan ƙwarewa ta kauce wa maƙwabta. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka bakwai na farko a shirin faɗaɗa gashi da hukumar nukiliya ta ƙaddamar a Addis Ababa a Fabrairun 2022, don haka akwai dalilin sa rai. Sai dai ni abin da na karanta a waɗannan alƙaluma ya bambanta da abin da masu cewa a jira a sami kuɗin sabuwar na'ura suke karantawa. In na'urar da ke hannu ta fi busar da baki, ai nan ne shiri ya fi zama wajibi. Kuma ko a Ingila, da sabuwar na'ura, mutum ɗaya cikin uku bai tsira ba. Yawancin shirin ba ya buƙatar na'ura. Likitan haƙori ya duba baki kafin a fara, ya cire haƙoran da ba za su yi rai ba, a bar mako biyu ko uku wuri ya warke; a cike masu rami; a ba mutum man goge baki mai yawan fuloraid, mai 5000 a maimakon 1450 na kanti, ya riƙa amfani da shi kullum har abada, don asuwaki yana share haƙori amma ba ya ba shi wannan kariya. A koya masa motsa muƙamuƙi kowace rana, saboda gashi yana sa naman tauna ya ƙage, bakin da bai buɗe faɗin yatsa uku ba kuwa marfi ba zai shiga ba. Har wata dabara likitocin Edmonton a Kanada suka fito da ita, ta matsar da maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi zuwa ƙarƙashin haɓa lokacin tiyata don ta fita daga hanyar haske, aikin hannu ne da wuƙa da zare, ga majiyyacin da ya dace.

Akwai masu tsoron cewa in an faɗa wa mutane duk wannan, za su guje wa gashi su koma wurin mai magani. Abin da ke korar mutane daga asibiti shi ne ganin maƙwabci ya dawo a wahale ba tare da an gargaɗe shi ba. Wanda aka gaya wa tun farko cewa bakinsa zai bushe, ga kuma abin da zai yi, ba ya ɗaukar bushewar a matsayin sammu ko kuskuren likita.

Babban giɓin yana bayan sallama. Marfin farko na wucin gadi ne, domin rami yana sauya siffa yayin da yake warkewa, na dindindin sai bayan kamar wata shida, shi ma yana buƙatar gyara lokaci-lokaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai gyaran yana nesa da kilomita dubu, sanin bai amfane shi ba, kuma likitocin haƙori a Nijar kaɗan ne, yawancinsu a Yamai. Damagaram kuwa ba baƙuwa ba ce a aikin fuska. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan take da cibiya a can don yaran da cutar noma, mai zaizayar baki, ta ci wa fuska, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin waɗanda aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Noma ba a gasa ta, amma aikin ya koyar da bin majiyyaci har ƙauyensa, da motsa muƙamuƙin da ya ƙage, da koya wa uwa tsabtar baki. Irin wannan bibiya ce mai marfin ganɗa yake bukata, kuma mafi yawanta ma'aikacin jinya a asibitin Tanut ko na Balbeji ko gidan likitan Tenhya zai iya yi in an nuna masa: ya cire marfin ya haska tocila, ya gane fumfuna ya ba da maganinta, ya ga gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba ya tura Damagaram ba jinkiri, ya auna nauyin mutum, ya tuna masa ya riƙa cire marfin da dare in likita bai hana ba, ya wanke shi da sabulu ya ajiye a ruwa mai tsabta, ba ruwan zafi ba, ba kuma a aljihu ko a rana ba inda zai lanƙwashe. Abu na ƙarshe kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba: kati ɗaya da za a ba kowane majiyyaci ranar sallama, da Faransanci da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da ranar da aka gasa shi, da gefen da aka gasa, da adadin hasken, da gargaɗin cewa kada wanzami ko ma'aikacin lafiya ya cire masa haƙori sai an tuntuɓi asibitin da ya yi gashin. Ya sa shi cikin laya ko jakar wuya, ya tafi da shi duk inda garke ya nufa.